Ku Tambayi Kawu: Kakana ya rasu a Agege, ta ina zan fara rubuta tarihinsa?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu uku na ware a wannan makon, dukkansu kuma a kan kakanni ne da suka riga mu gidan gaskiya. Ta farkon doguwa ce amma ban rage ta sosai ba, saboda mutumin da take ba da labarinsa irin mutanen da suka kafa mu ne a garin nan.

TAMBAYA

Kawu barka da war haka, ya iyali ya ƙoƙari. Ni ɗaliba ce, a Agege aka haife ni a nan na tashi, arewa sai da biki ko hutu. Kakana na wajen uba Allah ya yi masa rasuwa wata biyu da suka wuce kuma wallahi har yanzu zuciyata ta ƙi sabawa. Amarya yake ce min, in Hajiya tana kusa sai ya ɗaga murya dan ta ji, ita kuma ta ce to ai sai amaryar ta zo ta karɓi girki mu huta.

Ɗan goro ne. Ya baro ƙauyensu a ƙasar Kano yana saurayi, ya ce a jirgin ƙasa ya zo Ikko, shi har ya koma ga Allah bai taɓa cewa Legas ba, ya sauka wajen wani maigida a Zango yana masa tsintar goro da ɗaurin huhu har Allah ya ba shi nasa jarin. Yana zuwa Ifo da Ota da Shagamu saro goro wajen matan Yarbawa, in yana Yarbanci kuwa ba za ka ce Bahaushe bane, maƙwabtanmu Baba Olobi suke ce masa. Gidanmu bai taɓa rabuwa da baƙi ba, duk yaron da ya sauko daga ƙauyensu nan yake fara sauka, a zaure zai kwana ya ci tuwon gidan har ya samu abin yi, wasu yanzu suna da shaguna a Mile 12 da Alaba Rago. 'Ya'yansa mata duk ya sa su boko a lokacin da abokansa suke masa surutu, amma da sharaɗin allo da safe kafin a tafi.

Addini kuwa Kawu, sahun farko na asuba baya wuce shi ko ana ruwa, bayan magariba yana wajen wazifa, da azumi kuma kunu da ƙosai daga gidanmu ake kaiwa masallacin unguwa kullum har a ga wata. Da ƙarfinsa yana zuwa Markaz, babbar makarantar Arabiyya ta Agege, sauraron tafsiri. Abu uku ne nishaɗinsa, tattabarunsa da ya yi wa gida a bayan ɗaki, da dara bayan la'asar shi da wani tela Bayerabe da wani tsohon ma'aikacin reluwe, sai rediyonsa da baya rabuwa da ita.

To ga matsalata. Baffannina suna shirin in an shekara a buga kalanda da hotonsa a kafa rumfa a yi taro. Ni kuma so nake in rubuta tarihinsa saboda ƙannena, wasunsu Hausar ma da kyar suke haɗa ta. Amma bansan shekarar da aka haife shi ba, bansan shekarar da ya zo ba. Na ga wata adaka ƙarƙashin gadonsa cike da littattafan rubutun ajami, ni ban iya karantawa ba, wani baffana ya ce ƙona su za a yi dan akwai sunan Allah a ciki kar a wulaƙanta, tattabarun ma sayarwa za a yi. Hajiya tana takaba ina tsoron in tambaye ta in tayar mata da hankali. Dan Allah ta ina zan fara, kuma ni jika mace ina da bakin magana a nan?

Jikarsa, daga Agege

AMSA

'Yata, Allah ya jiƙan Alhaji ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba ku haƙurin rashi. Kina da bakin magana, amma ta bakin mahaifinki za ki bi, kuma yau ɗin nan za ki same shi ba gobe ba, saboda adakar nan ita ce ta fi gaggawa.

Baffanki niyyarsa mai kyau ce, ƙona takardar da ta lalace mai ɗauke da ayoyi dan kar a taka ta abu ne da malamai suka halatta. Amma littafin ɗan kasuwa ba a ƙona shi sai an karanta. Tsofaffin 'yan goro da ajami suke rubuta lissafinsu, wane ya ɗauki huhu kaza zai biya bayan salla, wance ta Ifo ana binta ko tana bi, ajiyar wane tana wajena. Harkar goro kusan duk a kan amana da bashi take tafiya, ba rasit ba lauya. In akwai wanda yake bin Alhaji ko sisi ne, a cikin littattafan nan za a gani, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. A shari'a ma bayan hidimar jana'iza bashi ake fara fitarwa, sannan wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba gado. Ki gaya wa babanki haka, ba na jin akwai baffan da zai ja da wannan. A samu malamin allo dattijo a Zango wanda ya saba da rubutun 'yan kasuwa ya zauna ya karanta, ke kuma kina gefe da wayarki kina ɗaukar hoton kowane shafi ɗaya bayan ɗaya da rana a inda haske yake. Kar a kai su a manne da roba a shago, zafin injin yana lalata tsohuwar takarda da tawada. A ɗauke adakar daga ƙasa a ɗora a sama, kin san damunar Legas da laima da gara, ruwa ɗaya ya shigo ɗaki a watan Yuni shikenan an yi asara.

Ki sani kuma adakar da rediyon da tattabarun duk dukiyar magada ce yanzu, ke ba ki da gado tunda mahaifinki yana raye, dan haka roƙo za ki yi ba ɗauka ba.

Maganar shekaru kuwa kar ta dame ki ko kaɗan. Mutanenmu na da ba sa riƙe lamba, abin da ya faru suke riƙewa, aikinki shi ne ki tambayi abin da ya faru sai ke ki sa lambar. In aka ce ya zo Ikko ana shirin zuwan Sarauniyar Ingila, 1956 kenan. In aka ce ya yi auren fari shekarar samun mulkin kai, 1960. Rasuwar Sardauna da Tafawa Balewa Janairun 1966, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970. Canjin hannu da motoci suka koma dama 1972, fam da sule suka koma naira da kwabo ranar 1 ga Janairun 1973, wannan ma zai taimake ki a cikin littattafan, shafin da aka yi lissafi da fam mai yiwuwa kafin nan ne, ko da yake 'yan kasuwa sun ci gaba da ƙirga da fam bayan canjin. Ƙarin albashin ma'aikata na Udoji da kashe Sarki Faisal na Saudiyya 1975, alhazai da yawa da wannan suke tuna shekarar hajjinsu. Kisan Murtala a nan Legas 13 ga Fabrairun 1976, bikin al'adu na Festak 1977, canjin kuɗi na Buhari 1984, komawar gwamnati Abuja Disambar 1991, rasuwar Shehu Adamu na Markaz 1992, gudun da aka yi ta yi zuwa gida bayan soke zaɓen 12 ga Yunin 1993, fashewar bama-bamai a barikin Ikeja 27 ga Janairun 2002 wadda duk ɗan Agege mai hankali a lokacin ya san inda yake tsaye. Ki rubuta waɗannan a takarda ɗaya ki riƙa jera rayuwarsa a jikinsu. Fasfonsa na hajji da katin allurar rigakafi da takardar filin gida su kuma da kwanan wata a jikinsu, ki duba ƙasan adakar.

Hajiya kuma, ni a ganina kin juya abin. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, mace tana zaune a ɗaki, 'yan gaisuwa sun ɗauke ƙafa bayan sati biyu, ba abin da yake ranta sai mutumin nan kuma kowa yana kauce wa ambatonsa dan kar ta yi kuka. Ki je ki zauna kusa da ita da daddare ki ce Hajiya wai ya aka yi aka kawo ki Ikko. In ta yi kuka ki bari ta yi, ba laifi bane, in ta ce ya isa ki tashi ki dawo wani daren. Ki nemi izininta ki kunna rikoda a waya, dan muryarta ma wata rana za ku neme ta. Kuma kar ki tambaye ta wane irin mutum ne, za ta ce miki mutumin kirki ne magana ta ƙare. Tambaye ta me suka ci daren da ta sauka, ɗaki nawa ne a gidan hayar farko, wa ya karɓi haihuwar babanki, wace shekara ce kasuwa ta karye masa kuma me ya sayar ya tashi. Ita ta san wannan, 'ya'yansa ba su sani ba.

Daga ita sai telan nan da tsohon ma'aikacin reluwe, kuma ki yi sauri dan su ma ba yara bane. Mutumin da ya shekara da shekaru yana dara da kakanki ya san fushinsa da dariyarsa da abin da yake faɗa in an cinye shi. Shi na reluwen zai ba ki hanyar da goron yake bi, daga tashar Agege zuwa Abeokuta, Ibadan, Oshogbo, Offa, Ilori, a haye kogin Kwara a Jebba, Mokwa, Zungeru, Minna, Kaduna, Zariya har Kano, sama da kilomita 1,100. Jirgin ƙasa ya isa Kano tun 1911, kuma shi ne ya mai da Agege abin da ta zama a wajenmu, dan kafin nan fatake da jakuna suke tafiya Gwanja, can ƙasar Ghana ta yau, wata da watanni kafin su kawo goro ƙasar Hausa. Da manoman Yarbawa na wannan yankin suka rungumi noman goro ga kuma tasha a bakin ƙofa, sai Hausawa suka zauna, aka yi Zango, aka yi sarkin Hausawa, shanu su sauko goro ya hau. Da jirgin ya lalace a shekarun 1980 sai aka koma tirela zuwa kasuwar goro ta Mariri a Kano. Kakanki ya ga duk wannan da idonsa, kuma yaran da suke hawa sabon jirgin Legas zuwa Ibadan da aka buɗe 2021 ba su san komai a kai ba.

Ki sa aikin hannunsa a rubutun, kar ki tsaya a cewa ɗan kasuwa ne. Ki samu ɗaya daga yaran da ya koya wa sana'a ya nuna miki yadda ake shimfiɗa ganye a kwando, yadda ake ware fari da ja, manya marsa da ƙanana minu, yadda ake kwance huhu lokaci lokaci a tsince wanda sankara ta kama kafin ya shafi sauran, yadda ake adana goro har ya zama daushe ya yi tsada. Mutum ya yi shekara hamsin yana wannan, ilimi ne, kuma in ba a rubuta ba ya tafi da shi.

Ziyarar abokan nasa kuma ba dan tarihi kaɗai ba. Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya haɗu da wani baƙauye a hanyar Makka ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa, aka ce masa ai ɗan abu kaɗan ma ya ishe shi, ya ce mahaifin mutumin nan abokin Umar ne, kuma ya ji Annabi yana cewa mafi girman biyayya shi ne ɗa ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa. To babanki da baffanninki su riƙa leƙa telan nan, da salla a kai masa nama yadda Alhaji yake kai masa.

Kalanda da rumfa, gaskiya ni ba su burge ni ba, kuma ba zan shiga gardamar malamai a kan taron arba'in ko na shekara ba, kowane gida da malaman da yake bi. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne hadisin nan na abu uku da ba sa yankewa bayan mutuwa, sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai addu'a. Kalanda shekara ɗaya ce a sauke ta, hoton bawan Allah ya ƙare a naɗe ƙosai. Kuɗin kujeru da rumfa in aka tara zai riƙe kunun azumin nan na masallaci, ko ya gyara rijiya a ƙauyensu. Zauren nan kuma kar a rufe shi a mai da shi shagon haya, ko yaro ɗaya ne ya sauko daga ƙauye ya samu wurin kwana. Tattabaru in akwai yaro a gidan mai sha'awa a roƙi magada su bar masa ko guda huɗu, dawa ce da ruwa da shara, in babu mai kula gara a sayar da a bar su da yunwa. Rubutun kuma ki yi shi da Hausa, ƙannen naki su zauna ki karanta musu, inda ba su gane ba su tambaya.

TAMBAYA

Kawu ni tawa daban ce. Kakana mahauci ne a Oko-Oba, ya rasu bana, duk wanda ya zo gaisuwa sai yabo, mai kyauta mai zumunci. Amma ni na san ya bar kakata da 'ya'ya uku a ƙasar Sakkwato ya taho Legas ya yi wani auren, shekara da shekaru ko aike babu, babana da tallan ruwa ya girma. Daga baya ne suka shirya sama sama. Yanzu in aka ce a yi masa addu'a sai in ji kamar munafunci nake. Shin dole ne in yabe shi?

Wani matashi, daga Mile 12

AMSA

Ɗana, ba dole bane ka yabe shi, kuma ba wanda ya ce ka yi ƙarya. Abin da aka hana shi ne zagi, Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa kar ku zagi matattu domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Tsakanin zagi da yabon ƙarya akwai shiru, kuma shirun ya halatta gare ka.

Masu yabon nan ma ba ƙarya suke ba, abin da suka gani suke faɗa. Mutum ɗaya yana iya ciyar da unguwa guda a Agege alhali ya bar haƙƙi a gida, kuma wannan ciwo ne da ya taɓa gidaje da yawa na 'yan ci-rani, a da ba waya ba banki, sai an samu mai tafiya a ba shi saƙo, wani kunyar komawa hannu rabbana ce take riƙe shi shekara ta zama goma. Ban faɗi haka dan in wanke shi ba, abin da ya yi wa kakarka da babanka zalunci ne kuma ciyar da su wajibi ne a kansa.

Addu'a kuwa ai ba lambar yabo bace, mai laifi ya fi kowa buƙatarta. In ka ce Allah ya gafarta masa ba cewa ka yi bai yi komai ba, ka san akwai abin gafartawar ne shi ya sa ka roƙa. Amma haƙƙin ba naka bane, na babanka ne da kakarka in tana raye, su ne masu yafewa kuma ba a tilasta musu. Ka zauna da babanka ka ji ta bakinsa, wataƙila a shirin nan da ka kira sama sama an yi maganar da kai ba ka sani ba. Abu ɗaya da zan ce ka tsaya a kai tsayin daka shi ne gado. 'Ya'yan Sakkwato da 'ya'yan Legas matsayinsu ɗaya a shari'a, nisa ko daɗewar rabuwa ba ta cire ɗa daga gadon ubansa, haka ita ma kakarka in igiyar aure tana nan har ya rasu tana da rabonta a cikin tumunin da matansa za su raba. A kira malami masanin rabon gado, a kira na gida a waya su ji komai da kunnensu kafin a taɓa ko wuƙa ɗaya.

TAMBAYA

Kawu kakanmu tsohon soja ne, ya rasu tun ban yi wayo ba, abin da ya rage mana lambar ƙarfe ɗaya ce da wani ɗan littafi. Ana cewa ya je Bama. Ta ya zan tabbatar?

Jikansa, daga Obalende

AMSA

Ɗana, duba lambar da kyau. In tauraro ce mai tsini shida, ƙyallenta ja a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe, to ta yaƙin ƙasar Bama (Burma) ce a Yaƙin Duniya na Biyu, sunan ma yana rubuce a jikinta. Sojojin Najeriya sun je can a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, ta farko ta tafi 1943 ta biyu 1944, suka yi yaƙi da Japan, akasarinsu sai 1946 suka dawo. Barikin Dodan da yake maƙwabtaka da ku, da Myohaung a Yaba da Arakan a Apapa duk sunayen wuraren can ne. Ita lambar, Ingila ba ta buga sunan mai ita a jiki ba, dan haka ɗan littafin nan ya fi ta muhimmanci, in na sallama ne za ka ga lambarsa ta soja da bataliyarsa da ranar shiga da ta fita. Ka ɗauki hotonsa shafi shafi, ka bar na ainihin a gida, ka je da hoton ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion reshen Legas su karanta maka.